Ra'ayi: Kafin dokin laka ya koma babur a hannun yaran Bangi

Da zarar damina ta ja baya, tabkuna suka fara ƙafewa, yaran ƙauyukan Bangi da na Madawa da Buza da Keita kan samu kayan wasan da babu wanda ya saya musu, wato laka. Da ita suke gina saniya da tozonta da ƙahonninta, da raƙumi, da doki da mahayinsa, a soka masa ƙayar aduwa a hannu a ce mashi ne, a jera a rana su bushe. Bayan kwana biyu ko uku abin ya tsage, ko akuya ta bi ta kai, ko a haɗa da shara a zubar. Babu mai kiran wannan aiki sana'a. Yaron da ya fara tasawa bai daina ba, sai a ce shiririta ta yi masa yawa, a tura shi kiwo ko ɗiban ruwa.

A birnin Nottingham na Ingila, wanda matasa suka fi sani saboda ƙungiyar ƙwallonsa, akwai kamfanin da ya tara dukiyarsa kacokan da irin wannan shiriritar. Sunansa Games Workshop. An kafa shi a Landan a 1975, ya fito da wasan Warhammer a 1983, sannan Warhammer 40,000 a 1987. Hajarsa ita ce 'yan mutum-mutumin sojoji na roba, waɗanda galibinsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, sai fenti da burushi da littattafan dokokin wasa. Cinikinsa na shekara ya haura fam miliyan 500, kuma a watan Disamban 2024 ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan. Cikin masu sayen kayan akwai yara, amma akwai magidanta da furfura, waɗanda ke dawowa daga aiki su zauna ƙarƙashin fitila su kwashe awa uku suna yi wa soja guda fenti. In rundunar ta kammala, a jera ta a kan teburin da aka mayar kamar filin daga, a kara da ta aboki.

Babu hikima a ce matashin Madawa ya soma yin odar waɗannan kaya. Kwali ɗaya na sojoji goma na iya cin kuɗin buhun hatsi, tun kafin a zo ga kuɗin dako da na duwan. Abin da ya dace a ɗauko daga can dabara ce, ita kuwa ba ta biyan kuɗin fito. Bambancin sojan Nottingham da dokin lakar Bangi bai wuce awo da fenti da mazauni da doka ba. Hannun da ke ginin tuni yana nan, ana ta kora shi kiwo.

Ga yadda suke aikin. Sojan yana zuwa ne gaɓa-gaɓa, ruwan toka. Mai shi zai yanke gaɓoɓin, ya kankare tabon zubi da wuƙa, ya haɗa su da gam. Sai ya fesa fentin farko, baƙi ko fari, wanda aikinsa kawai ya riƙe launukan da za su biyo baya. Daga nan kowane sashe ya samu launinsa: riga, fata, ƙarfe, itace. Mataki na gaba shi ke ba sabon shiga mamaki. Ana tsinka fenti mai duhu har ya koma kamar tawada, a kwarara a jikin sojan, ya gangara da kansa ya taru a lunguna da ninkin tufafi, nan take inuwa ta fito. Sannan a tsoma burushi a fenti mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, a riƙa shafawa sama-sama, hasken ya kama inda ya yi tudu kawai. A ƙarshe a rufe da man kariya irin wanda kafinta ke shafa wa ƙofa.

Cikin duk wannan babu abin da ya fi ƙarfin mai rubuta allon shago ko mai zanen bayan babbar mota. Launi ma ba baƙo ba ne. Badukun da ke rina fata ja da karan dafi, da marinin da ya san baba, da almajirin da ke haɗa tawada da gawayi da ƙaro, da matar da ke yi wa ɗakinta ado da farar ƙasa da ja, duk sun riga Nottingham sanin yadda launi ke kama abu. Matsalar tsagewa kuwa tana da magani a hannun mata masu ginin tukwane: yumɓu mai kyau, waya a ciki ta zama ƙashi, shanya a inuwa, sannan gashi. Mahayan dawakin da aka tono a Bura, cikin jihar Tilaberi, inda masanin tarihi Bube Gado ya jagoranci tono a 1983, na gasasshiyar laka ne, kuma sun yi ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin ƙasa kafin a fito da su.

Awo shi ne abin da yaro ba ya yi, domin shi kaɗai yake wasansa. Yau dokinsa ya kai tafin hannu, gobe raƙuminsa bai kai dokin ba. Masu wasan tebur sun yarda da ma'auni ɗaya, wanda aka fi yayi shi ne milimita 28 daga ƙafa zuwa ido, don haka sojan da aka yi wa fenti a Faransa zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da wanda aka yi a Amurka. Wannan ma'auni ya yi wa laka ƙanƙanta. Wanda ya fi dacewa da ita shi ne na da, milimita 54, wanda kamfanin William Britain na Landan ya yaɗa bayan ya fara zubin sojojin darma masu rami a ciki a 1893. Da an yarda da awo ɗaya, dokin da aka gina a Bangi da rumbun da aka gina a Keita za su iya haɗuwa a allo guda ba tare da dokin ya leƙa cikin rumbun ta sama ba.

Sai mazauni, kuma a nan ne Adar da Gobir Tudu suka fi kowa abin hannu. Mazauni ɗan faifai ne na roba ko katako da ake kafa sojan a kai, na dakare galibi zagayayye mai faɗin milimita 25 zuwa 32, na mahayi kuwa dogo. Amfaninsa na farko shi ne hana sojan faɗuwa, na biyu kuma nuna filin da ya mamaye a wasa. Amma masu fenti sun mayar da shi wani fanni mai zaman kansa. Sukan shafa farin gam na kafinta, su barbaɗa rairayi da tsakuwa, su yi masa fenti, su dasa 'yan tsirrai, har mai kallo ya gane ko sojan nan a dusar ƙanƙara yake tsaye ko a hamada. A shagunan Turai ana sayar da rairayin a 'yan gwangwanaye, ana sayar da ciyawar roba, har da wani fenti mai kauri wanda in ya bushe yake tsattsagewa don ya yi kama da ƙasan tabkin da ya ƙafe. Wato abin da yaron Bangi ke takawa kullum a hanyarsa ta zuwa rijiya, wani yana can yana sayen kwaikwayonsa a kwalba.

Ban dariyar ba ita ce muhimmiya ba. Wanda zai yi mazauni dole ya yanke shawarar ƙasar da dokinsa ke takawa. Jigawa ce mai farin rairayi da sabara da ƙarangiya? Fako ne da ruwa ba ya shiga? Fadama ce mai baƙar laka inda ake noman albasa? Ko saman dutse ne mai jar marmara irin na tsakanin Buza da Keita? Kowace da launinta, da tsironta, da yadda take karɓar kofato. Manomi ya san waɗannan kalmomi kamar sunayen 'ya'yansa. Ɗansa da ya tashi a Yamai ko Abijan ko Sabha yana iya jin su, amma in an ce ya nuna bambancin fako da jigawa sai ya sosa ƙeya. Faifai mai faɗin ƙwandala yana tilasta wa mutum ya duƙa ya dubi ƙasa, ya ɗebo, ya tankaɗe, ya tambayi tsoho sunanta.

In aka faɗaɗa mazaunin ya kai allon mita ɗaya, ya zama taswira mai tudu da kwari, sai amfanin ya wuce wasa. Wannan yanki ya san yaƙi da zaizayar ƙasa fiye da kowane yaƙi. A kwarin Majiya an fara dasa layukan dogon yaro don tare iska tun 1975. A Keita kuwa babban aikin farfaɗo da ƙasa ya soma a 1984 da kuɗin Italiya, inda aka dasa miliyoyin itatuwa, aka jera duwatsu a gangare, aka datse ƙoramu, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin aikin. Yaran da aka haifa bayan nan sun tarar da itatuwan kamar dama can suna nan. Malamin da ke da allon kwari na laka a ajinsa, da butar ruwa a hannu, zai nuna musu cikin minti biyar dalilin da ya sa bakin rabin wata ke kallon tudu, da abin da ke faruwa ga gonar ƙasa idan aka sare itatuwan sama. Sojoji a ko'ina suna amfani da irin wannan teburin rairayi kafin su fita aiki, kuma daga wajensu ne ma wasan ya samo asali: a 1824 wani hafsan Furusiya, a Jamus ta yau, mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa manyansa wasan yaƙi a kan taswira, suka karɓe shi a matsayin hanyar horar da hafsoshi.

Fenti kuma tambaya yake jawowa. Ana iya cewa "mayaƙan Gobir" a wuce, amma mai burushi a hannu ba shi da wannan damar. Lifidin nan da zai shafa wa launi, wane iri ne, kuma ina yake tsayawa a jikin doki? Sulke a ƙarƙashin riga ake sa shi ko a sama? Me ke kan kwalkwali? Garkuwar Buzu da ta Bagobiri fasalinsu ɗaya? Dokin akawal ne, ko kili, ko danda, ko bidi? Jalala da linzami da likkafa fa? Amsoshin ba su cika samuwa a intanet ba. Suna wajen dattawan fadar Tsibiri da Maraɗi da Sabon Birni, da dukawan da har yanzu ke ɗinka kayan doki, da hawan Sallah, da gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai tun 1959. Saurayin da ba zai taɓa buɗe littafin tarihi don kansa ba zai iya zuwa ya durƙusa gaban tsoho, ya ce, "Baba, wane launi ne?" Tsohon kuma ba zai tsaya a launi ba.

A kasuwar Turai, in ana neman Afirka ta ƙarni na 19, abin da aka fi samu shi ne mayaƙan Zulu na 1879 da mabiya Mahadi na Sudan, kuma galibi an yi su ne don sojan Ingila mai jar riga ko kakin ya samu abokin gaba. Mahayin lifidi da ƙyar ake cin karo da shi. Ba mugunta ta kawo haka ba, kowa tarihin gidansu yake ginawa. Amma hakan na nufin in 'ya'yan wannan ƙasa ba su gina nasu ba, ranar da wani zai gina musu, zai yi shi ne yadda ya ga dama.

Ga kuma tarihin da ya isa a yi nazari a kansa. A Tabkin Kwatto, ranar 21 ga Yunin 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki da lifida, jama'ar Shehu Usmanu kuwa, ƙarƙashin jagorancin Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakinsu kaɗan ne ƙwarai, ƙarfinsu 'yan baka ne, amma su suka yi rinjaye. Ta yaya? Wanda ya jera rundunonin a allo, ya sa tabkin a inda yake, ya auna nisan da kibiya ke kaiwa da nisan da doki mai ɗauke da lifidi zai iya sukuwa kafin ya gaji, zai fahimci abin da haddar kwanan wata ba ta koyarwa. Haka Tsuntsuwa, inda Gobirawa suka rama a ƙarshen wannan shekarar, da faɗuwar Alƙalawa a 1808, da Gawakuke a 1836. Haka tafiyar Voulet da Chanoine ta 1899, da tsayuwar Sarauniya a Lugu, da abin da aka yi wa Birnin Ƙonni.

To, amma akwai masu ja, kuma jansu ba na banza ba ne.

Na farko za su ce: wasan yaƙi, a Bangi? A watan Nuwamban 2021 kaɗai, Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutane sama da 11,500 sun tsallako daga jihar Sakkwato suna gudun 'yan bindiga, akasarinsu mata da yara, kuma yawancinsu sun sauka ne a ƙauyuka 26 na komin ɗin Bangi. Mutumin Nottingham yana wasa da yaƙi ne domin bai taɓa kwana a daji yana sauraren ƙarar babura ba. A kawo wa waɗannan yara wasan kashe-kashe, ai ƙara wa Barno dawaki ne.

Wannan magana tana da nauyi, sai dai ta manta abu ɗaya: yara ba sa jiran izini kafin su yi wasan yaƙi. Yaro abin da idonsa ya gani hannunsa ke ginawa. Wanda ya tashi cikin garke saniya zai gina. Wanda aka goyo cikin dare daga garin da mahara suka shiga, ba sai an tambayi abin da lakarsa za ta zama ba. Zaɓin da ke gaban manya shi ne ko su bar wasan a bayan gida, inda mai bindigar kara shi ne gwarzo kuma ba a ƙidaya gawa, ko su jawo shi inuwa su sa masa doka. Wasan tebur yana da alƙali, yana da juyi, ba ka motsi sai abokinka ya gama. Dokin da ka kwashe mako kana yi wa fenti ana ɗauke shi daga allo cikin ƙiftawar ido saboda ka yi garaje. Abinci yana ƙarewa, rijiya tana nisa, wanda ya ci nasara yakan duba ya ga rabin rundunarsa babu. H.G. Wells, marubucin Ingila da ya wallafa dokokin wasan sojojin darma a littafinsa Little Wars a 1913, mai ƙyamar yaƙi ne, kuma hujjarsa ke nan: wanda ya buga ƙaramin sau da yawa zai gane irin wautar da ke cikin babban. Shekara ɗaya bayan fitowar littafin Turai ta faɗa yaƙin duniya, don haka kada a ɗora wa wasa abin da ba zai iya ɗauka ba. Amma dai bai kamata a gina allon harin jiya ba, da babura da garin da aka ƙona. Wannan miki ne ɗanye. Tazarar shekara ɗari biyu ita ke ba da damar a yi tunani.

Ja na biyu na addini ne, kuma duk wanda ya tsallake shi ya gina aikinsa a kan rairayi. Malaman Malikiyya sun tsananta a kan surar abu mai rai idan tana da inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika. Sun yi togaciya ga 'yan tsanar yara mata, bisa abin da aka ruwaito na kayan wasan Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, waɗanda a ruwayar Abu Dawuda har da doki mai fikafikai a cikinsu. Ko wannan sassauci ya kai ga saurayi ɗan shekara 25 da ke jera mahaya a kanta, tambaya ce ta malamai, kuma kamata ya yi a kai musu ita tun kafin a jiƙa laka, ba bayan an ji wa'azi a lasifika ba. Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne wasan ba ya rataye a wuyan mutum-mutumi. Reisswitz kansa da 'yan dunƙulaye masu launin ja da shuɗi ya yi nasa. Tuta na iya wakiltar runduna, garkuwa ta tsaya wa dakaru, sirdi ya tsaya wa barade, kwari da baka su tsaya wa maharba. Ganuwa da ƙofar gari da rumbu da rijiya da gawo da goriba kuwa babu wanda ya yi saɓani a kansu, kuma su ne rabin aikin. Haka batun ɗan lido da Turawa ke jefawa don yanke hukunci, wanda shi ma malamai suna da magana a kansa: tun 1876 wani hafsan Jamus, Verdy du Vernois, ya nuna ana iya barin hukuncin a hannun alƙalin wasa. Dara ma, da gurabenta 30 da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, ba ta taɓa buƙatar sa'a ba. Kuɗi dai kada ya hau allon, in ya hau an koma caca.

Ja na uku shi ya fi ban tsoro. Duk mai bin Facebook da TikTok ya san yadda ake tono yaƙe-yaƙen jihadi ana jifar juna da su, wannan ya ce Hausa, wancan ya ce Fulani, alhali ana zubar da jini a daji da sunan wannan rabuwar. Allon da ya sa Gobir a gefe ɗaya, Sakkwato a ɗaya gefen, zai iya zama makami a hannun mai neman fitina. Gaskiya ne. Amma mai fenti na gaskiya shi zai fara karya wannan tatsuniya, domin aikinsa ya tilasta masa ya bi rundunar mutum-mutum. Zai tarar da Buzaye da Fulani a rundunar Yunfa. Zai tarar da Hausawa a jama'ar Shehu, irin su Malam Abdussalami, Ba'are, wanda harin da aka kai wa garinsa Gimbana na cikin abubuwan da suka kunna wutar. Mai rubutun zagi a waya yana iya shafa wa kowane ɓangare launi ɗaya, mai burushi ba zai iya ba. Sai a ƙara da doka guda: duk wanda ya riƙe Gobir a zagayen farko, shi zai riƙe jama'a a na biyu. Ƙasar da UNESCO ta sa wasan barkwancinta cikin kayan gadon duniya a 2014, inda Bagobiri da Bazabarme ke yi wa juna tsiya su tashi suna dariya, ba ta rasa dabarar zama da tsohon tarihi ba.

Batun kuɗi kuwa kada a yi wa matasa romon baka. Gaskiya ne akwai wuraren aiki a Siri Lanka da Bangaladash da ke karɓar sojoji daga Turai ta gidan waya, su yi musu fenti su mayar, a biya su. Amma wannan yana buƙatar gidan waya mai tabbas, da hanyar karɓar kuɗi daga waje, da wutar da ba ta ɗaukewa, kuma duk mai aika kaya ya san yadda lamarin iyakoki ya kasance tun bayan Yulin 2023. Kasuwar da ke kusa ƙarama ce: makarantu, da gidajen tarihi, da fadodin sarakuna, da 'yan ci-rani. Ba'adaren da ya shekara goma a Abijan ko Tamanrasat, wanda 'ya'yansa ba su taɓa ganin rumbun laka irin na garinsu ba, zai iya biyan a gina masa unguwarsu a allon da zai shiga jaka, da masallacin da rijiyar da itacen ƙofar gida, da ainihin ƙasar wurin a mazauni. In kuma yana son ya taimaka, burushi masu sirara guda biyar da 'yan kwalaben fentin ruwa sun fi kwalin sojojin roba amfani, kuma ba su kai nauyin takalmin Sallah ba.

Gargaɗi ɗaya ga masu tunanin zubi: a nisanci darma. Tsofaffin sojojin Turai da ita aka yi su, kuma abu ne mai sauƙi wani ya fasa tsohon batirin mota ya narka. Gubar darma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010. Masu zubin tukwanen alminiyam sun san aikin mazubin rairayi, a je wajensu.

Wanda ke ganin wasan ƙauye ba ya zama wani abu, ya tuna da kokowa. Ana yin ta a dandali bayan girbi tun kaka da kakanni, kowane gari da al'adarsa, har aka shirya gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, aka sa mata fili da alƙali da doka ɗaya. Yau in ana gasar takobi kasuwa kan yi shiru. Babu mai cewa dokin laka zai kai nan, kuma ba ya buƙatar minista ko kasafin kuɗi. Fada ɗaya ta masu shan shayi ta isa, da malamin tarihi ɗaya, da mai tukwane da za ta yarda a sa 'yan dawaki a gefen gashinta, da limamin da aka fara sanarwa, da magajin garin da zai ba da aron ɗaki a gidan matasa tsakanin girbi da tafiyar ci-rani. Yaran masu masauki da na baƙin da suka tsallako su zauna tabarma ɗaya, tunda harshensu ɗaya, tarihin da za su gina ma ɗaya ne.

Abin da za a fara yankewa shi ne awo, kuma ba sai an nemo ma'aunin milimita ba. Tsinken ashana yana kowane teburin mai shayi daga Bangi har Keita, tsawonsa kuma ya kusa na sojojin Wells. Dakare tsinke ɗaya, ƙofar gari tsinke uku, ganuwa huɗu.